Toka da Keken Asuba

A Kaduna ta yau, in ka ce wa mutum da keke ka zo, Keke Napep zai ɗauka kake nufi. Mai ƙafa uku ya ƙwace sunan, sai ka ƙara da cewa mai ƙafa biyu, wanda ake tuƙawa da feda, sannan a dube ka a sake dubawa. In yaro ne a kai ba komai, wasa yake yi. In dattijo ne da buhun masara a kariya, an san neman abinci ya fito. Amma magidanci mai shekara 30 da 'yan kai, da motarsa ajiye a gida, ya sa hular kwano ya hau keke da duku-duku, wannan sai an nemi bayani.

Bayanin da aka fara yi wa juna a kanmu a Hayin Banki shi ne aikin kwamfutar ya karye. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai magana ta sauya: ashe dabara ce, mun hango abin da ke tafe. Duka biyun ba su dace ba. Likita ne ya ɗora mu a kan keke, mage kuma ta hana mu sauka.

Sana'armu rubuta manhaja ce. Kimiyyar kwamfuta muka karanta a jami'a, kuma daga gida muke aiki, a wani ɗan ɗaki mai tebur da kujera da batirin sola a ƙarƙashin taga. Masu ba mu aikin wasu suna Legas, wasu suna Turai, ba mu taɓa yin musabaha da yawancinsu ba. Aiki ne na rufin asiri, amma duk abin da yake buƙata daga jiki shi ne yatsu da idanu. Mutum kan zauna awa 10 bai tashi ba sai sallah, ga shayi mai sukari a gefe, ga tsire in dare ya yi. Manomi ya san ya gaji domin ya ga gumi. Mu gajiyarmu ba ta da gumi, shi ya sa ba a ganin ɓarnar da take yi sai ta yi nisa.

A gidan Baba muke zaune, su da Umma a sashen gabas, mu da iyali a sashen da aka ƙara daga baya. Da daminar 2021 Baba ya tashi alwala ya kasa ɗaga buta. Shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama da ƙafar dama, hawan jini ne ya kawo ta. Daga nan duk wata mu ke kai shi asibiti. A ɗaya daga cikin zuwan, malamar asibitin ta gama auna shi, ta juyo ta ce, "Ɗan Baba, kawo naka hannun mu gani." Na'urar ta nuna 146 bisa 94. Aka ce mu dawo bayan sati biyu, muka dawo, bai sauka ba. Likitan ya ce daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, ya dubi Baba a keken guragu, ya dube mu, ya ce, "Malam, kana da gado. Zan ba ka wata uku. Ka rage gishiri da dunƙulen miya, ka motsa jikinka. In bai sauka ba mu fara magani, kuma wannan maganin ba a cika ajiye shi ba." A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana a mota. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta an ce ka shafa wa naka ruwa, balle gemun mahaifinka.

Gudu muka fara tunani, gwiwa ta ce a'a, domin nauyin ya yi mata yawa. Gidan motsa jiki na kuɗi yana da nisa, kuma sai ka shiga mota ka je inda za ka yi tafiyar da ba ta kai ka ko'ina. Sai muka sayi keke na hannu, irin 'yan Kwatano, mai giya, muka kai wa mai gyara ya sauya masa birki da sarƙa. Sayen keke yini ɗaya ne. Hawansa kullum shi ne aikin, kuma abokin gabar ba kasala ba ce irin ta rana. Barcin bayan Asuba ne. Duk wanda ya taɓa dawowa daga masallaci cikin sanyi ya tarar da bargo bai huce ba ya san abin da muke nufi.

A nan Toka ta shigo. Da hunturun wannan shekarar babbar 'yarmu ta tsinto ta a bayan sito, 'yar mitsitsiya, launinta kamar tokar murhu, tana kuka ba murya. Umma ta amince a bar ta saboda ɓerayen da suka addabi buhunan hatsi. Baba kuma, da bakinsa da bai gama sakewa ba, ya tuna mana cewa akwai babban sahabi da duniya ta fi sani da Abu Huraira saboda 'yar kyanwar da yake ɗauke da ita, ya ce gidan da ya kori mage bai kyauta ba. Aka yi rabon aiki: yara su kula da ruwanta da rairayin da take biyan buƙata, abincin safe kuma namu ne, tunda mu ke fara buɗe ƙofa. Kan kifi ne ko ƙafar kaza, a cakuɗa da ɗan ragowar tuwo.

Sati biyu ya ishe ta ta haddace lokacin. Mage dabba ce ta ketowar alfijir da faɗuwar rana, sauran yinin yawanci barci take yi, awa 12 zuwa 16. Kafin ladan ya yi kiran farko tana bakin ƙofarmu. Da farko kuka ne siriri. In ba a kula ba sai farce a jikin katako. In aka ƙara yin shiru sai ta zagaya ta haye taga ta yi ta bugun raga. Ba ta san Lahadi ba, ba ta san jiya mun kai ƙarfe 2 na dare muna neman inda manhaja ta karkace ba. Kuma ba kyanwar Lami ba ce, domin ranar da aka buɗe mata aka koma gado, yatsan ƙafa ta kama. In ka tashi ka ɗumama mata abinci, ka tsaya ta ci don kada kaji su ƙwace, ka yi alwala ka tafi masallaci, barcin ya riga ya tsere. Sai muka mayar da keken zaure, daidai inda dole ka raɓa shi in ka dawo. Tsakanin masallaci da gado akwai keke, kuma mafi yawan ranaku keken ke yin nasara.

Muna da agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya da manhaja a waya mai auna tafiya, kuma muna jin daɗinsu. Sai dai irin wannan kayan mu ke ƙera su, mun san cikinsu. Agogon yana haska fata da koren haske ya lura da yadda jini ke kai-komo, daga nan ya yi ƙiyasi. Wayar tana karɓar saƙon taurarin ɗan'adam ta lissafa inda take, ta ɗiga alama, ta haɗa ɗigo da ɗigo ta ce ga nisan. Taku 10,000 da kowa ke bi kamar farilla, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965, sunan ya yi daɗin talla ya zauna. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, da gishirin da bai kai giram 5 ba a yini. Wannan lissafi ne mai sauƙi, ko bangon ɗaki ya isa a rubuta shi.

Akwai kuma dabarar jerin kwanaki, inda manhaja ke ce maka yau kwana 40 ke nan ba ka yi fashi ba, kada ka ɓata. Mun sha zama a taron aiki ana tsara irinta, kuma abin da ake aunawa a taron shi ne sau nawa mutum zai buɗe manhajar. Tana aiki har ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, lambar ta koma sifili, zuciya ta karaya. Saƙon tunatarwa kuma da yatsa ɗaya ake share shi, ba wanda zai ji yunwa don ka share. Toka kuwa in ba ka tashi ba wani rai ne zai wuni da yunwa, yara su tambaye ka dalili, Umma ta ji labari. Nauyin da ya tashe mu ke nan. Buri irin na lafiya yana daɗewa ne in ya sami gurbi a cikin hidimar gida, ya jingina da abin da dole a yi shi ko ana so ko ba a so.

Wani abin da sana'ar ta koya mana shi ne rufe taswira. A farkon 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa, mai nuna inda jama'a ke yawan gudu da hawan keke, ta fallasa fasalin wasu sansanonin sojan Amurka a ƙasashen waje, domin sojojin na gudu da agogonsu a hannu. Mu da ke zaune tsakanin hedikwatar Runduna ta 1 da tsohon mazaunin NDA da sansanin sojan sama, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Balle a garin da aka san garkuwa da mutane, wanda ya sanar da duniya ƙofar da yake fita da ƙarfe nawa ya yi wa ɓarawo rabin aiki. Tafiyarmu tsakaninmu da wayarmu take tsayawa, kuma duk wanda ya shigo ayarinmu sai mun karɓi wayarsa mun nuna masa inda ake kashewa.

Hanyar ranakun aiki ba ta sauyawa sosai. Mukan fito daga lungunan Hayin Banki gari bai gama wayewa ba, mai ƙosai tana hura wuta, mai shayi yana jera burodi. Mu ɓullo Kawo, inda sabuwar gadar sama take, wadda aka buɗe a Janairun 2022, motocin Zariya da Kano suna lodi a tasha. Ranar Talata sai an yi hattara, domin ranar kasuwar Kawo ce, tun da sassafe ake sauke doya da hatsi da awaki. Daga nan mu miƙe titin Ali Akilu mu yi kudu, mu wuce Unguwar Sarki da masallacin Sultan Bello, har shataletalen Lugard Hall inda majalisar dokokin jiha take zama. Mu kewaya Dandalin Murtala, inda za ka ga masu gudu da masu tattaki, tsofaffin ma'aikata da matasa da mata cikin hijabi da takalmin gudu. A dawowa mukan bi ta titin Rabah, gaban Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, saboda inuwar bishiyoyi da ƙarancin motoci. Kusan awa ɗaya ke nan. Kafin ƙarfe 7 da rabi mun yi wanka mun kai yara makaranta.

Shekara da shekaru muna bin waɗannan titunan a mota, amma sai a kan keke muka san Kaduna tana da hawa da gangara. Ƙafa ce ke faɗa maka. Hanci kuma ya faɗa maka inda ake gasa burodi da inda kwata ta toshe. Mutane ma sun sauya. Mai facin da ke bakin titi, wanda da can ba mu san da zamansa ba, yanzu in bai gan mu kwana biyu ba sai ya tambayi yaran unguwa. Yakan ce, "Injiniya, tayar bayan nan ta gaji, kada ka bari ta kunyata ka a hanya." Masu sharar titi mukan gaisa da su. Wani dattijo mai kai madara a tsohon kekensa ya taɓa wuce mu a hawa, da jarkoki biyu a kariya, ko haki ba ya yi, ya waiwayo ya ce, "Sannu da ƙoƙari, samari."

Ranar Asabar tafiyar ta fi tsawo, kuma ba mu kaɗai ba ne. Mukan haɗu mu shida ko bakwai, akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin banki, akwai mai sayar da kayan wuta. Mukan gangara har Gamji, bakin kogin Kaduna, inda tsohuwar gadar ƙafa ta Lugard take, wadda aka gina a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa nan. Uku daga cikinmu daga ƙetaren kogi suke zuwa, Barnawa da Sabon Tasha. Duk ɗan Kaduna ya san abin da kogin nan ya zama tun bayan rikicin shekarar 2000, yadda jama'a suka yi ƙaura, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu, har yara suka tashi ba su san rabin garinsu ba. Ba mu kafa ƙungiyar sasanta kowa ba, keke kawai muke hawa. Amma in tayar mutum ta yi faci, wanda ke kusa ne ke tsayawa da famfo. Da azumi su ne suka ce a mayar da fitar bayan La'asar kuma a rage gudu, ranar Lahadi kuma ba ma sa doguwar tafiya saboda suna coci.

Hanyar ba ta da tabbas. An faɗaɗa tituna, an sa fitilu, amma ba a bar wa keke ko taku biyu nasa na kansa ba. Mai Napep zai tsaya a gabanka ba sigina don ya hango fasinja. Mai mota zai buɗe ƙofa bai duba ba. Ga kwatar da aka sace murfinta, ga yashin da ruwa ya tara a kwana. Ko Ojo Maduekwe, ministan sufurin da ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke a zamanin Obasanjo, mota ta taɓa tura shi rami a Abuja yana kan kekensa. Shi ya sa hular kwano da riga mai ƙyalli da fitilar baya ba ma wasa da su, kuma ba ma sa komai a kunne. Wajen gari kuwa, inda iska da fili suke, nan ne aka fi jin tsoro. Hanyar Birnin Gwari ko a baki ba ma kawo ta. Muna da burin wata rana mu tuƙa har Zariya, kilomita kusan 80, mu ci abinci a Tudun Wada mu kwana. Maiɗakinmu ta ce ranar da za a yi wannan sai an fara shawara da ita, kuma mun san amsar da ke jiranmu.

Wanda ya fi kowa jinkirin amincewa da keken shi ne Baba. Shekara 20 da wani abu ya yi yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma a farkon aikinsa da keke yake zuwa, daga nan arewacin gari ya ƙetare gada, ya dawo da yamma. Masaƙar farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, kuma yakan ce in aka tashi daga aiki kekuna ne ke cika titi kamar an buɗe wa tumaki garke. Nasa Raleigh ne baƙi, mai ƙararrawa da fitilar da taya ke ba wuta. Da kuɗin Udoji suka shigo a tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, burin kowane ma'aikaci ya zama ya sauka daga keke ya hau babur, daga babur ya shiga mota. Baba ya kai ga babur. Mota kuwa sai da muka fara aiki muka saya. Raleigh ɗin yana rataye a sito har yau, tayoyinsa sun bushe.

Wata safiya mun dawo jiƙe da gumi, yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa. Ya ce, "Zo nan. Ni na yi ta tuƙa keke ne don ku kada ku tuƙa. Yanzu ka yi digiri, ka sayi mota, ka dawo kana wahalar da kanka mutane suna kallo?"

Muka durƙusa muka ce, "Baba, lokacin da kake tuƙawa, ka taɓa zuwa asibiti?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Sai da na ajiye shi ciki ya fito." Ya ƙara yin shiru, sannan ya ce, "Sirdinka ya yi ƙasa. Gwiwa za ka kashe. Ɗaga shi har ƙafarka ta kusa miƙewa in feda ta sauka." Muka ɗaga, ciwon gwiwar da muke ji ya tafi cikin sati. Tun daga ranar, in mun dawo sai ya tambayi ta ina muka bi, ya gaya mana abin da ke wurin a da.

Shi ma yana da nasa burin. Likitan gashi ya ce hannun da ƙafar sai ana motsa su kullum, in ba haka ba su sandare. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba yaro ba ne, ya tura ta ƙarƙashin gado. Toka ce ta warware wannan ma. Da hantsi takan zo ta kwanta a cinyarsa ta dama, wajen da rana ke bugawa, ta tura kanta ƙarƙashin hannun da ba ya motsi. Tun yana ɗaga shi da na hagu ya ɗora mata, har yatsun suka fara shafa ta da kansu. Ba mu ce mage ta warkar da kowa ba. Magani yake sha, gashi ake yi masa, Allah kuma ya sa an dace. Amma motsin da ya ƙi yi wa ƙwallo ya yi wa mage ba tare da an roƙe shi ba. Da ya fara taka ƙasa da sanda, daga ƙofar ɗakinsa zuwa zaure taku 40 ne, tana gaba yana biye, in ya tsaya hutawa ta zauna ta jira.

Kowane lokaci na shekara da irin jarrabawarsa. Da hunturu hazo kan rufe gari, sai da takunkumi da safar hannu, leɓe ya tsage, sarƙar keke ta sha ƙura sai an wanke an sa mai duk sati. Da bazara in ka wuce ƙarfe 8 a waje rana ta hukunta ka. Da damina, musamman Agusta, sai ka leƙa sama ka yi shawara da gajimare, wani lokacin ka dawo da laka har ƙeya. Ranar da ruwa ya hana fita mukan yi tsallen igiya a zaure, yara suna ƙirgawa suna dariya. Da azumi Toka ta fi kowa murna, domin gidan gaba ɗaya ya koma tashi a lokacinta.

Babbar jarrabawar ta zo ne da daminar bara. Wata Asuba ba kuka, ba farce a ƙofa. Muka farka duk da haka, muka duba agogo, lokacin ne daidai. Aka nemi Toka a gida da maƙwabta ba a gan ta ba. Yara suka ƙi karyawa, 'yar autar ta yi kuka har ta yi barci, Baba ya ce a duba rijiya. Sai a kwana na uku Umma ta shiga sito ɗebo gero ta ji motsi. Tana cikin wani tsohon kwali, ƙarƙashin Raleigh ɗin Baba, da 'ya'ya huɗu idanunsu a rufe. Kusan sati biyu ba ta zo ƙofarmu ba, mu ke kai mata abinci har inda take. A duk kwanakin nan ba mu yi fashin fita ba. Jiki ya riga ya karɓi lokacin, kamar yadda wanda ya saba da sallar dare ba ya jiran a tashe shi. Da 'ya'yan suka yi wayo aka raba su, ɗaya tana gidan mai faci, ɗaya kuma ta ƙetare kogi a cikin kwando zuwa Barnawa. Ita kuma muka kai ta wurin likitan dabbobi aka yi mata allurar rigakafin cutar haukan kare, wadda mage ma kan ɗauka, aka ba ta maganin tsutsar ciki. Wani maƙwabci ya ce mutane ba su sami magani ba ana kai mage asibiti. Muka ce gaskiyarsa, amma yaranmu da ita suke kwana.

Maganar keke ba ta tsaya a kanmu ba. Maiɗakinmu da maƙwabtanta biyu sun fara zuwa Dandalin Murtala tattaki ranar Asabar, kuma ita ce ta rage dunƙule a miya, ta koma daddawa da citta da tafarnuwa, ba tare da ta sanar da kowa ba sai da aka saba. Babbar 'yarmu, mai shekara 8, ta ce ita ma keke take so. Umma ta ce a zamaninsu 'ya mace ba ta hawa. Baba ya ce a zamaninsu ma 'ya mace ba ta zuwa jami'a, a saya mata. An saya, tana koyo a tsakar gida, ta riga ta karya tukunyar fulawa ɗaya. Abin da ke damunmu shi ne ranar da tsakar gida za ta yi mata kaɗan, domin ba mu ga titin da za mu sake ta a kai hankali kwance ba.

Awon da aka yi mana na baya-bayan nan ya nuna 128 bisa 82. Likitan bai rubuta magani ba, bai kuma sallame mu ba. Ya ce gado ba ya tashi daga kan mutum, mu dawo bayan wata shida, kuma ranar da aka daina abin da ake yi lambar za ta koma inda ta fito. Wando ya yi mana yawa, barci ya yi daɗi, aikin da kan ci mana dare yanzu da safe muke gama shi.

Baba ya wuce zaure. Yanzu yakan fita har dakalin ƙofar gida ya zauna a gaisa da shi, Toka ta tsaya a bakin ƙofa domin ba ta son hayaniyar babura. Tun daminar 2021 bai yi sallah a cikin sahu ba, kuma ba ya son a kai shi a keken guragu. Ya sa mun auna masa nisan masallacin unguwa. Ba mu yi amfani da waya ba, da ƙafa muka taka, ƙanana-ƙanana irin nasa: taku 212 daga dakali zuwa bakin ƙofar masallaci, da 'yar kwata ɗaya da sai an ɗora mata katako. Jiya ya yi 90 ya juyo. Ya ce in Allah ya kai mu, kafin azumi.